Baƙuwa da Mai Masauki a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Duk wanda ya lura da itatuwan daji ya san kauci, tsiron nan da ke fitowa a kan reshen kaɗanya ko ɗorawa. Ba shi da saiwa a ƙasa. Daga jikin bishiyar yake tsotsar ruwa, amma ganyensa da furensa nasa ne. Irin wannan zama ake ƙullawa idan aka kunna babbar manhaja ɗaya a cikin wata.

Babbar manhaja, wato irin su Windows da Linux, ita ce ke sarrafa sassan kwamfuta, ta kuma raba wa ƙananan manhajoji lokacin aiki. Bisa al'ada, guda ɗaya ke riƙe da ragama a lokaci ɗaya. To, amma akwai manhajoji kamar VirtualBox da VMware Workstation waɗanda ke ƙaga kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske. Sukan yanki wani kaso na ƙwaƙwalwar aiki da ƙarfin sarrafawa su miƙa wa baƙuwar manhaja. Faifan ajiyarta kuwa, fayil ne kurum a wurin mai masauki. Baƙuwa na aiki cikin tagarta, tamkar ita kaɗai ce a gidan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya fitar da VM/370 don manyan na'urorinsa a 1972. VMware Workstation ta kawo ta kan kwamfutocin tebur a 1999. A 2005 da 2006 kuma, Intel da AMD suka gina tallafinta cikin ƙwaƙwalwar na'ura kanta.

Mene ne amfaninta? A ɗakunan bincike da yawa akwai kayan awo masu tsada waɗanda manhajarsu ba ta aiki sai da Windows XP, wadda Microsoft ya daina kula da ita a 2014. Maimakon a jingine kayan, sai a saukar da XP a matsayin baƙuwa, a raba ta da intanet. Haka nan ɗalibi na iya koyon Linux ba tare da ya taɓa ajiyar makaranta ba. Idan ya yi ɓarna, sai a mayar da baƙuwa yadda take tun farko.

Sai dai baƙuwa daga tukunyar mai gida take ci. Kwamfuta mai gigabait 8, idan ta ba da 4, saura 4 gare ta. In aka wuce gona da iri, duka biyun sai su yi nauyi, kamar yadda yawan kauci kan raunana bishiya.