Kyautar Da Take Haihuwa

Kowace shekara idan damina ta yi tsakiya, tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo kuwa bai nuna ba, dattawan ikilisiya sukan zauna a kan zancen gwauraye da marayu. Mukan tara dawa mudu-mudu mu raba musu. Wannan aiki ne mai kyau, kada mu daina shi, gama mai jin yunwa yau ba ya jiran kaka. Amma mun lura da abu guda. Sunayen da aka rubuta bara, su ne aka rubuta bana, su ne kuma za a rubuta baɗi. A wannan fitowa muna so mu bayyana wata hanyar taimako wadda waɗansu masu bi suka soma a ƙasar Amurka, mu ga yadda take aiki, da yadda ikilisiyar ƙauye za ta iya yin irinta da abin da ke hannunta.

Yadda abin ya soma

Akwai wani mutumin karkara mai suna Dan West, ɗan Ikilisiyar 'Yan'uwa, wanda ya yi zama a jihar Indiyana. Ikilisiyarsa ce ta aiko da 'yan mishan zuwa Garkiɗa a 1923, aikin da ya haifi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. A 1937 aka aike shi ƙasar Sifen, inda ake yaƙin basasa, domin ya raba madarar gari ga yara masu yunwa. Madarar ba ta isa ba. Tilas masu rabo su zaɓi yaron da za a ba, da wanda za a hana. Wannan ya dame shi ƙwarai. Da yake ya san shanu tun yana yaro, sai ya yi tunani cewa moɗar madara takan ƙare a yini ɗaya, amma saniya tana ba da nono kowace safiya, tana kuma haihuwa.

Da ya koma gida ya faɗa wa manoman ikilisiyarsa. Ba masu kuɗi ba ne, amma suna da shanu. Wannan ya ba da karsana, wancan ya ɗauki nauyin kiwonta har ta isa tafiya. Saboda Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar Turai, sai a 1944 aka sa karsana 17 a jirgin ruwa zuwa tsibirin Porto Riko. Bayan yaƙi, daga 1945 zuwa 1947, wajen mutum 7,000, yawancinsu manoma da ɗalibai, suka ba da kansu su raka dawaki da shanu a cikin jirage zuwa ƙasashe kamar Folan da Girka da Italiya. Daga wannan aiki ne ƙungiyar Heifer International ta fito. Yanzu tana zaman kanta, ba ta ƙarƙashin ikilisiya, amma tushenta baikon manoman ikilisiya ne.

Sharaɗi guda ɗaya

Abin da ya bambanta wannan kyauta da sauran shi ne sharaɗin da aka ɗaura mata. Wanda aka ba karsana ba ya biyan ko kwabo. Amma idan ta haihu, 'yar maraƙa mace ta fari ba tasa ba ce. Zai yi kiwonta har ta girma, ya miƙa ta ga wani mabukaci, shi ma a kan wannan sharaɗi.

Mu duba amfanin wannan. Na ɗaya, kyautar ba ta tsayawa a gida ɗaya. Na biyu, maƙwabta sukan sa ido a kan lafiyar dabbar, don wani a cikinsu yana jiran 'yarta. Na uku, wanda ya fi duka, mai karɓa yakan zama mai bayarwa. Wanda aka saba kiran sunansa a gaban jama'a domin ya karɓi mudu, wata rana sai ga shi ya jawo dabba da igiya ya ba ɗan'uwansa. Ran nan mutuncinsa ya dawo. Gwamnatin Ruwanda ma ta ɗauki wannan tsari a 2006 a shirinta na Girinka, inda ake ba matalaucin gida saniya, shi kuma ya miƙa 'yar maraƙa ta fari ga maƙwabcinsa.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. Maƙwabtanmu Fulani suna da al'adar da suke kira habbanaye tun kaka da kakanni. Idan garken mutum ya lalace, ɗan'uwansa ko abokinsa yakan ba shi aron karsana. Zai riƙe ta, ya sha nononta, har ta haihu sau biyu ko uku. 'Ya'yan nasa ne, uwar kuwa ta koma wurin mai ita. Bambancin kaɗan ne: a habbanaye uwar ce take komawa, a tsarin Dan West 'yar ce take wucewa gaba.

Ba lalle sai saniya ba. Saniya tana da tsada, cikinta wata tara ne, tana kuma bukatar ciyawa da ruwa mai yawa. Akuya ta fi dacewa da gwauruwa. Cikinta wata biyar ne, sau da yawa takan haifi tagwaye, yaro ma yana iya kiwonta. Jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi ta saba da ƙasarmu, tana da nono, fatarta kuma tana da daraja. Ita ma ƙungiyar Heifer ta koyi wannan darasi: maimakon jigilar dabbobi daga Amurka, ta koma sayen waɗanda suka saba da ƙasar da za a ba da su.

Inda mu muka yi kuskure

A wani ƙauye da muka yi aiki, mun raba awaki da rani saboda ɗoki, ba mu tambayi kowa abin da zai ba su ba. Wata gwauruwa ba ta da ko damin harawa. Akuyarta ta rame, ta yi ɓari. Wata kuma yaronta ya kwanta ciwo, ba ta da kuɗin magani, sai ta kai akuyar kasuwa a ɓoye. Daga nan ta daina zuwa sujada don kunya. Laifin namu ne. Mun je taimako, muka ƙara mata kaya. Sai da matan zumunta suka yi ta zuwa gidanta kafin ta dawo.

Daga wannan muka koyi abubuwa biyar:

1. A sa Zumuntar Mata ta zaɓi waɗanda za a ba. Su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba.

2. A tanadi abinci kafin dabba ta zo: harawar wake da ta gyaɗa, da dusa, da 'ya'yan gawo, da ɗan kanwa. Saboda haka bayan kaka ne lokacin rabo.

3. A kira malamin dabbobi ya yi musu allurar rigakafin annobar awaki da tumaki, wadda ake kira PPR, mai kawo zawo da majina. A ba su maganin tsutsar ciki kuma. Sabuwar akuya daga kasuwa a ware ta tukuna kafin a haɗa ta da na gida.

4. A ajiye bunsuru mai kyau guda ɗaya domin kowa. Idan akuya ta haifi namiji, a sayar da shi a sayi mace, don kada miƙawar ta yanke.

5. A ajiye ɗan kuɗi a asusu domin ciwo da gaggawa, don kada tilas ta sa a sayar da uwar. Idan akuya ta mutu ba da sakaci ba, kada a bi mai ita bashi.

Mu ƙara da cewa yunwa ba ta tambayar addini. Idan maƙwabcin da ya fi bukata ba ya zuwa majami'armu, a sa sunansa.

Kusa da nesa

Manoman Indiyana ba su taɓa ganin waɗanda suka sha nonon shanunsu ba, duk da haka suka bayar. A watan Oktoba 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka kama hedkwatar EYN a Kwarhi, dubban masu bi suka gudu daga gidajensu, ikilisiyar nan ta Amurka ta tara gudummawa domin abinci da matsuguni da irin shuka. Amma waɗanda suka fara buɗe ƙofa su ne 'yan'uwa a Yola da Jos da sauran garuruwa, waɗanda suka saukar da baƙi a ɗakunansu da majami'unsu. Taimakon nesa da na kusa duka ana bukatarsu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu tuna kuma ikilisiyoyin Makidoniya matalauta ne a lokacin da suka tara wa mabukatan Urushalima gudummawa ta hannun Manzo Bulus. Talauci bai hana su ba.

Saboda haka muna roƙon kowane kwamitin ikilisiya ya sa wannan zance a taronsa na gaba. Ba sai an jira baƙo daga ƙetare ba. A ranar godiyar kaka, a tambaya ko akwai gidaje biyar da za su ba da 'yar akuya ɗaya ɗaya. Idan an kula da su da kyau, kafin shekara biyu gidaje biyar ɗin da suka karɓa za su miƙa wa waɗansu biyar. Wanda ba shi da akuya ya kawo damin harawa, ko igiya, ko ya taya gina ɗan garke.

Ikilisiyar da ta gwada, ta rubuto mana abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran su ƙaru. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.