Yadda Jiki Yake Ajiyar Ƙarfe, Da Yadda Dalma Take Ruɗinsa

Akwai ƙarfe a jikin kowane ɗayanmu. A jikin namiji baligi yakan kai kamar giram 4, watau nauyin ƙaramar ƙusa. Mafi yawansa cikin jini yake. Shi ne ya sa jini ya yi ja, shi ne kuma yake ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina cikin jiki. Wanda ƙarfen nan ya yi masa kaɗan shi ne mukan ce ba shi da jini. Ga kasala, ga haki, cikin ido da tafin hannu sun yi fari, ko kunya biyu ba ya iya yi sai ya zauna.

Amma ƙarfe in ya zauna a warwatse cikin jiki ɓarna yake yi, saboda haka jiki ba ya sakaci da shi. An gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya kamar gida take, tana da katanga da ƙofofi da rumbu. Ƙarfe ta ƙofarsa yake shiga, a rumbu ake ajiye shi. To, in an so a fid da wani abu waje fa?

A shekarar 1983 aka sami amsa, kuma jinin tumaki ne ya taimaka. Wata malama mai suna Rose Johnstone a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada tana binciken sababbin ƙwayoyin jinin tumaki. Sabuwar ƙwayar jini, sa'ad da take girma, tana da ƙofofi da yawa na karɓar ƙarfe, gama shi ne abin da take ginuwa da shi. Da ta ƙosa ba ta da sauran bukatarsu. Malamar da abokin aikinta suka ga cewa ƙwayar takan tattara ƙofofin nan, ta ƙulle su cikin waɗansu 'yan jakunkuna, ta jefar waje. A shekarar nan kuma Philip Stahl da mutanensa a birnin St. Louis na Amurka suka ga abu ɗaya a jinin ɓeraye. A 1987 Johnstone ta raɗa wa jakunkunan suna eksosom. Ƙanƙantarsu kuwa, sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin gashi guda.

Da fari an ɗauka kwandon shara ne kawai. Daga baya aka gane sun fi haka. A 2007 masana a ƙasar Suwidin suka nuna cewa jakunkunan suna ɗauke da saƙo daga wata ƙwaya zuwa wata. An kuma gano cewa ƙwayar da ƙarfe ya yi mata yawa takan sa rumbun ƙarfen kansa cikin jaka ta tura waje, wata ƙwayar ta karɓa. Ku 'yan ƙungiya kun san wannan aiki. In hatsi ya yi yawa a ma'ajinmu na Jama'a, ba a watsa shi a ƙasa. A buhu ake ɗurawa, a ɗinke baki, a kai kasuwar Gwarzo ko ta Kabo inda ake nemansa.

Sai dai a lura da abu guda. Buhu ba ya tambayar abin da aka zuba masa. Jiki yana iya narkar da tuwo, yana iya kashe ƙwayar cuta, amma ba ya iya narkar da ƙarfe ya ɓace. Iyakarsa ya ajiye shi, ko ya matsar da shi, ko ya fid da shi kaɗan kaɗan. A 2019 masana a Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka suka bincika wani ƙarfe mai suna manganis, wanda yake cikin hayaƙin walda. Suka ga in ya yi yawa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan ƙara fid da jakunkuna, cikinsu kuwa har da wani gurɓataccen abu mai alaƙa da ciwon karkarwa, yana bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Sun sami alamarsa a jinin masu walda. 'Ya'yanmu masu gyaran garma da ƙofofi su yi aikinsu inda iska take kaɗawa, kada su ƙunshe kansu cikin shago.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne dalma. Ba ta da wani amfani a jiki ko kaɗan, amma ɓarauniya ce mai shigar burtu. A cikin hanji takan bi ƙofar da ƙarfen jini yake bi. Yaron da jininsa ya yi ƙaranci, hanjinsa yakan buɗe ƙofofin nan da yawa domin neman ƙarfe, sai dalma ta sami hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙaramin yaro yakan tsotsi dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba. In ta shiga, jiki yakan ɗauke ta kamar kayan ginin ƙashi, ya ajiye ta cikin ƙasusuwa da haƙora shekaru da yawa. Yarinyar da ta sha dalma tana ƙarama, ran da ta yi ciki dalmar takan fito daga ƙashi ta koma jini, ta isa ga ɗan da ke ciki.

Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Dareta da Yargalma da Abare da Bagega, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, mutane suna kawo dutsen zinariya gida suna dakawa a turmi, suna niƙawa a injin niƙan hatsi. Dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka mutu, waɗansu da suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Likitocin ƙungiyar MSF sun ba da magani, amma magani bai isa ba, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake aukuwa a Shikira cikin ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Duk saurayin da ya je cin rani wurin haƙar zinariya, ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga gida, kada kuma ya zo da dutse.

Ga wata magana da iyayenmu mata ba za su so ji ba, amma dole a faɗa. Baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, dutsen dalma ne. A 2011 a birnin Boston likitoci suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya. Da aka bi sawu sai aka tarar kwalli ne, da aka auna shi kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yakan murza ido ya sa hannu a baki. A bar sa wa jarirai. Haka nan tsohon batirin mota, kada a fasa shi cikin gida, kada a zuba ruwansa kusa da rijiya.

Sa'an nan mu cika ƙofar da abin da ya kamata ya bi ta. Wake, zogale, alayyafo, daddawa, hanta da nama duk suna da ƙarfen jini. Gero ma yana da shi, kuma jiƙa shi da barinsa ya yi tsami kamar yadda ake yin kamu yana sa hanji ya fi samunsa. Lemo ko gwaiba bayan abinci suna taimako, shayi kuwa a kan abinci ragewa yake yi. A 2018 aka fitar da wani irin gero mai suna Chakti a Jamhuriyar Nijar, mai ƙarfen jini fiye da na gargajiya, mai saurin nuna. Shugabannin ƙungiyoyi su tambayi malamin gona labarinsa tun kafin ruwa ya sauka, a gwada shi a kadada ɗaya ta gonar ƙungiya.