Gwajin Jini da Ciwon Dajin Tumbi: Gaskiya da Jita-jita a Adjamé da Treichville

A tsakanin Hausawa mazauna Adjamé da Treichville a birnin Abidjan, magana ta yaɗu cewa gwajin jini guda ya isa ya nuna ko mutum yana da ciwon dajin tumbi, har ma ya faɗi kwanakin da suka rage masa. Tushen maganar shi ne sinadaran da ake kira alamomin daji, wato abubuwan da wasu ƙwayoyin ciwon ke zubarwa cikin jini, waɗanda suka fi shahara su ne CEA, wanda Phil Gold da Samuel Freedman suka gano a Kanada a 1965 kuma takardun gwaji na Faransanci ke rubuta shi ACE, sai CA 19-9 da CA 72-4.

Cewa waɗannan alamomi suna gano ciwon tun yana ƙarami ba gaskiya ba ne, domin yawancin masu ciwon a matakin farko jininsu ba ya nuna komai, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya iya ƙera CA 19-9 bisa gado, komai girman ƙarin da ke cikinsu. Wannan ne kuskure mafi haɗari, saboda wanda ya karɓi takarda mai ACE ƙasa da 5 da CA 19-9 ƙasa da 37 yakan ninke ta ya sa a aljihu, ya ci gaba da sayen maganin olsa a kasuwar Roxy ta Adjamé, alhali yana ramewa, loma kaɗan na ƙosar da shi, bayan gidansa kuma ya yi baƙi. Haka nan hauhawar lamba ba hukuncin daji ba ne, tunda shan taba da ciwon hanta kan ɗaga ACE, ciwon shawara da toshewar hanyar matsarmama ke kawowa kuma takan ɗaga CA 19-9. Abin da ke tabbatar da ciwon shi ne fibroskofi, wato zura siririn bututu mai kyamara ta baki zuwa tumbi, tare da gutsuro ɗan nama a duba shi da madubin likita.

Sai dai jita-jitar tana da ɓangaren gaskiya. Idan an riga an tabbatar da ciwon, alamar da ta hau sosai kafin tiyata takan zo tare da ciwon da ya yi nisa, kuma idan ta sauka bayan tiyata sannan ta riƙa hawa a gwaje-gwaje a jere, likita yakan yi zargin dawowarsa ya nemi hoton sikana. Duk da haka makomar mara lafiya ta fi rataya ga zurfin ƙarin a bangon tumbi, da yawan kaluluwar da ya kama, da ko ya kai hanta ko rufin hanji, da yiwuwar cire shi gaba ɗaya.

Game da magani kuwa, babu saiwa ko ƙwaya da ke warkar da daji ta hanyar wanke jini. Abin da za a iya kashewa tun da wuri shi ne ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda hukumar binciken daji ta duniya ta sanya cikin masu haddasa ciwon a 1994. Mai ramewa, saurin ƙoshi ko baƙin bayan gida ya kamata ya nemi fibroskofi ba da jinkiri ba, kuma asibitin koyarwa na Treichville, inda rajistar masu ciwon daji ta Abidjan take, yana da sashen kula da wannan ciwo, kamar yadda cibiyar ciwon daji ta CNRAO da ke Cocody take kula da shi.