Sharon ta mutu a Tirwun: abubuwa goma masu ban mamaki kafin a sauke inji

Wanda ya tsaya a bakin titin Tirwun, inda hanyar Maiduguri ke fita daga birnin Bauchi, ba zai daɗe ba sai ya ga Sharon ko Sienna ta wuce, kaya sun danne bayanta, ta nufi Darazo ko Azare. Da yawa daga cikinsu sun girmi yaran motar da ke kiran fasinja. In ɗaya ta mutu a hanya, maganar farko da ake ji ita ce "inji ya buga." Sau da yawa kuwa ciwon bai kai nan ba.

1. Uwa ɗaya, suna uku. Volkswagen Sharan, da Ford Galaxy ta farko, da Seat Alhambra, duk masana'anta ɗaya ta haife su a garin Palmela na ƙasar Fotugal, tun daga 1995. Shi ya sa kayan gyaran wannan kan shiga waccan. Kamfanin ya ce sunan Sharan daga Farisanci yake, ma'anarsa mai ɗaukar sarakuna. Mu muka mayar da ita Sharon, muka ɗora mata buhunan masara.

2. Bonet ba inji. Ka ɗaga bonet ɗin Toyota Previa ta farko, wadda ta fito a 1990, za ka ga batir da lagireto, amma ba inji. Yana kwance a kan gefensa a ƙarƙashin kujerun gaba. Sabon ɗan koyo yakan sha dariya a nan.

3. Fulogi shida, an canza uku. Injin Sienna mai silinda shida a gicciye yake zaune. Fulogi uku na gaba a fili suke, uku na baya kuwa sai an kwance bututun iska na saman inji. Bakanike mai gaggawa yakan canza na gaba ya rufe bonet. Motar ta ci gaba da rawa, mai ita ya rantse ya sa sababbi.

4. Fetur ne ke sanyaya famfon fetur. Famfon yana nutse a cikin tanki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa ke yawo da allura a kan ja, ana zuba lita biyar-biyar. Famfon sai ya yi ta zafi yana zuƙar iska, har ya ƙone. Kafin a zargi inji, a murɗa makulli a saurara ta wajen tanki: famfo mai rai yana ɗan gunji na daƙiƙa biyu.

5. Motar da ke neman hutu. Tana tafiya lafiya, ta ɗau zafi, ta mutu. A zauna a inuwa rabin sa'a, ta tashi kamar ba ita ba. Wasu su ce sammu ne. Galibi 'yar na'urar da ke ƙirga juyin karanshaf ce ta tsufa, zafi ya hana ta aika saƙo, ƙwaƙwalwar mota kuma ta yanke wuta da mai. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba.

6. Makulli mai shaida. A kan makullin Sharon akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta buƙatar batir. In an yanko makulli a kasuwa babu ita, motar za ta tashi, ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ta ɗauke ka ɓarawo ke nan.

7. Zafi ya fi sanyi kashe batir. Sanyin hunturu tona asiri kawai yake yi, ɓarnar tun watan Afrilu aka yi ta. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 in mota a kashe take, sannan tsakanin 13.8 da 14.4 in inji na aiki. In bai hau ba bayan an tayar, a duba altaneta da fanbel. In fitilu na lumshewa, ko a taka birki sigina ta kama, a nemi wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Tsatsa a wannan waya ɗaya kan sa mota ta yi kamar mai aljanu.

8. Cire tamostat. Al'ada ce a garejinmu: mota na isowa daga Kwatano, a zare shi, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Sai inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa na kusan digiri 90 ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Murfin lagireto ma ba ado ba ne: matsin da yake riƙewa ke hana ruwa tafasa har sai ya kai wajen digiri 120.

9. Indomi a cikin salansa. Haka kanikawa ke kiran matatar hayaƙi, saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Akwai ƙarafa masu tsada a jikinta, har da wanda kan fi zinariya kuɗi, shi ya sa ake saye kuma ake sacewa. In ta toshe, mota ba ta iya hawan tudu. In an fasa ta, fitilar inji ta kama.

10. Motar tana magana. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. A jona kwamfuta ta faɗi lamba: P0300, alal misali, na nufin silinda na tsallake wuta. Lambar unguwa take nunawa, gidan kuwa sai bakanike ya bi da gwaji. Wasu direbobi kan liƙe fitilar gargaɗin da baƙin salatif don kada fasinja ya gani.

Saboda haka in Sharon ta tsaya maka a Tirwun, kafin ka yarda a kawo sarƙar ɗaga inji, ka roƙi mai wayarin ya fara da fiyus, da kan batir, da gunjin famfo. Fiyus ɗin da ya ƙone kuma a sa masa irinsa mai lamba ɗaya. Wanda ya naɗa waya a gurbinsa ya rage kuɗin shayi, ya ajiye wa motarsa gobara.