Kunkurayen Galapagos da Hukuncin da Aka Yanke wa Awaki

Yau mun yada zango a tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, kimanin kilomita 1,000 a cikin teku, inda aman wutar duwatsu ya daskare ya zama ƙasa. Tun 2024 baƙo kan biya dala 200 kuɗin shiga, don ya ga kunkurun da kan haura kilo 200, ya kuma shekara fiye da ɗari. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne, sai da aka zubar da jinin awaki kafin kunkurayen su tsira, kuma a ganina hukuncin ya yi daidai.

Ku ji abin da ya faru a tsibirin Pinta. Dama matuƙan jiragen ruwa sun daɗe suna kwasar kunkuru, suna kife shi a cikin jirgi a matsayin guzuri, saboda yakan yi watanni ba ci ba sha. Sai a 1959 masunta suka saki awaki uku a wurin. Uku kacal! A shekarun 1970 sun kai kusan 40,000, sun share ciyawa ƙarƙaf. A 1971 aka tsinci kunkuru ɗaya tilo, Lonesome George, wanda ya mutu a 2012 ba magaji. Don ceto sauran kunkuraye, daga 1997 zuwa 2006 aka harbe awaki fiye da 140,000 a tsibiran, wasu daga jirgi mai saukar ungulu. Da suka yi ƙaranci, sai a ɗaura wa akuya na'ura a wuya a sake ta. Ita ba ta zama ita kaɗai, sai ta nemo 'yan'uwanta, maharba na biye.

Wani zai ce wannan ɓarna ce, me ya hana a kama su a yanka? Maganarsa abin dubawa ce. Amma duwatsun nan kaifi gare su, suna da wuyar bi da ƙafa, kuma Pinta ta nuna abin da ragowar uku kan haifar. Wani kuma zai ce kiwon kunkuru a killace ya isa. To, kunkuraye 15 na tsibirin Espanyola sun hayayyafa a killace sun haura 2,000, amma sai da aka kawar da awakin can a 1978 'ya'yan suka sami abin ci. Akuya tana ko'ina a duniya. Irin kunkurun Pinta kuwa ya tafi ke nan.