Daga Boma zuwa barikin Dodan: inda Yaƙin Duniya na Biyu ya juya da abin da ya bari

Duk wanda ya ɗan daɗe a Legas ya san barikin Dodan da ke wajen Obalende, inda shugabannin soja suka zauna kafin a koma Abuja a 1991. Mutanen Ibadan kuma sun san barikin Letmauk da ke Mokola, ba nisa da Sabo. Ni kaina na daɗe ina zaton daga kalmar dodo aka samo sunan Dodan. Ashe duka biyun sunayen wurare ne a ƙasar Boma, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda sojojin Najeriya suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. To me ya kai kakanninmu can, kuma yaya yaƙin ya ƙare?

Yaƙin ya fara ne ranar 1 ga Satumba 1939, lokacin da Jamus ƙarƙashin Hitila ta afka wa Poland, Birtaniya da Faransa kuma suka ce ba su yarda ba. Da farko Jamus ce ke cin karenta ba babbaka. A watan Yunin 1940 ta kama Faransa cikin makonni shida kacal, aka bar Birtaniya tana shan ruwan bama-bamai. A lokacin Najeriya na hannun Birtaniya, don haka ba a tambayi ra'ayinmu ba, kawai muka tsinci kanmu a ciki.

Kuskuren farko Hitila ne ya yi shi da hannunsa. Ranar 22 ga Yuni 1941 ya kai wa Tarayyar Sobiyet hari alhali bai gama da Birtaniya ba. Sai ga Japan ita ma ranar 7 ga Disamba 1941 ta kai hari kan jiragen ruwan Amurka a Pearl Harbor, abin da ya jawo Amurka cikin yaƙin. Ka ga ke nan sun tsokano ƙasashe biyu da suka fi su yawan jama'a da masana'antu da man fetur. Duk ɗan kasuwa ya san wanda ya ɗauko kayan da suka fi ƙarfin jarinsa, a hanya yake karyewa.

Shekarar 1942 ce ta nuna haka. A watan Yuni, a faɗan Midway da ke tekun Pasifik, Amurka ta nutsar da manyan jiragen ruwan Japan huɗu masu ɗaukar jiragen sama. A watan Nuwamba, a El Alamein ta ƙasar Masar, sojojin Birtaniya suka kora rundunar Rommel da ke neman mashigin ruwan Suez. Wannan faɗan ya shafe mu kai tsaye, domin jiragen yaƙin Birtaniya da yawa a Takoradi ta ƙasar Gana ake harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har su kai Masar.

Amma babban juyin a Stalingrad aka yi shi. Jamus ta nufi kudancin Rasha tana neman rijiyoyin mai, sai ta maƙale a wannan birni ana faɗa gida-gida. Sojojin Sobiyet suka zagaye su cikin tsananin sanyi, abinci da harsashi suka ƙare. A farkon Fabrairun 1943 kimanin sojojin Jamus 91,000 suka miƙa wuya. Daga nan ƙarfin Jamus ya fara ja da baya. Ranar 6 ga Yuni 1944 Amurka da Birtaniya da Kanada suka sauke dakaru a gaɓar Normandy ta Faransa, aka sa Jamus a tsakiya. Hitila ya kashe kansa a ƙarshen Afrilun 1945, Jamus ta saduda ranar 8 ga Mayu.

Su kuwa namu sojojin, tun da wuri suka fara. Su ne cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a watan Fabrairun 1941, suka nausa cikin Habasha. Bayan Japan ta kama Boma a 1942, aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, aka tura su dazukan Arakan. Akwai 'yan Arewa da yawa a ciki, kuma Hausa ce harshen da sojan Najeriya ke amfani da shi a bariki. Wurin ba hanyar mota, da yawansu a ka suka riƙa ɗaukar kayan yaƙi, ta sama ake jefo musu abinci. A Janairun 1945 suka kama garin Myohaung, shi ya sa akwai barikin Myohaung a Yaba. Har yau rundunar soja da ke Legas ta 81 ake ce mata, ta Inugu kuma ta 82.

Japan ba ta ajiye makami ba sai da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, sannan Nagasaki ranar 9. An sa hannu kan takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba.

Asarar ba ta misaltuwa. Mutum sama da miliyan 60 suka mutu, akasarinsu farar hula. Tarayyar Sobiyet kaɗai ta rasa kusan miliyan 27, gwamnatin Hitila kuma ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. An raba Jamus gida biyu, ba ta sake haɗewa ba sai 1990. Amurka da Sobiyet suka zama manyan duniya, suka shiga yaƙin cacar baka na shekaru sama da 40. An kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1945, aka ba ƙasashe biyar kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu: Amurka, Tarayyar Sobiyet, Birtaniya, Faransa da Sin. Har yanzu Afirka ba ta da ko ɗaya.

A nan gida ma an ji jiki. An tilasta wa dubban mutane aikin haƙar kuza a Jos, aka matsa wa manoma kan gyaɗa, kaya suka yi tsada albashi bai motsa ba. A Yunin 1945 ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari na sama da wata guda, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa. Birtaniya ta ci yaƙi amma ta fito da bashi har wuya, ba ta da ƙarfin riƙe ƙasashen da take mulka. Sojojin da suka dawo kuma sun ga Bature yana tsoro yana mutuwa kamar kowa. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan sanda suka harbe tsofaffin sojoji uku da suka fito neman haƙƙinsu, gari ya hargitse. Indiya ta samu 'yanci a 1947, Gana a 1957, Najeriya a 1960.

Yawancin waɗanda suka je Boma sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Amma 'ya'yansu na nan a cikinmu, a Agege da Sabo da sauran unguwanninmu. In akwai dattijo a gidanku da mahaifinsa ya yi soja a wancan zamani, ka zauna da shi ka ɗauki labarin a wayarka tun yana iya ba da shi.