Yaro Ya Duba Allon Ɗan'uwansa

'Yan'uwa fatake, wasunmu a nan Larle, Wagadugu, na ƙorafi don malaman Islamiyya na sa yara su duba aikin juna, wai ragwancin malami ne. To, ba haka ba ne. Mu da muka riƙe allo mun san ba a wankewa sai ka biya da kanka, sannan na gaba da kai ya saurare ka. Wanda ya kama gyaran wani, nasa karatun ne ke ƙara zama. Malam kuwa na zaune, shi ke yanke magana. In abota ta sa an rufa wa juna asiri, ranar tilawa sai ya tonu.

Mu ma mu yi haka da yaranmu a kara. Kafin dillali ya sa baki, yaro ya duba bakin bijimi: manyan haƙora 2, wajen shekara 2 ke nan; in sun cika 8, ya doshi shekara 5. Ya faɗi kuɗinsa da saifa, abokinsa ya ja da shi, sannan mu gyara musu. In ba haka ba, wata rana zai sayo mana tsohon sa a Puyitenga, a kai Kumasi ko kuɗin mota ba su fita ba.